Yadda Za a Horar da Ɗaliban Malanta Su Iya Koyarwa da Na'ura

Ɗalibin NCE, wato mai neman takardar shaidar malanta, yakan shafe shekara uku a kwaleji, ya ci jarrabawar kwas ɗin kwamfuta da maki mai kyau, ya iya lissafo sassan na'urar da ka. Ranar da aka tura shi koyarwar gwaji, wadda ɗalibai ke kira TP, aka miƙa masa majigi da laftof aka ce ga aji, sai minti ashirin su wuce yana neman inda zai cusa waya, yara tamanin suna surutu a bayansa. Laifin ba nasa ba ne. An koya masa kwamfuta a wani sashe daban, galibi a kan allo da alli, malaminsa na dabarun koyarwa kuma bai taɓa koyar da shi da na'ura ba. Mutum yakan koyar ne yadda ya ga ana koyar da shi.

Wannan bayani na malaman kwalejojin ilimi ne da masu zuwa duba ɗalibai a makarantun gwaji. Hukumar NCCE mai kula da kwalejojin ilimi a Najeriya, wadda aka kafa a 1989, ita ke tsara mafi ƙarancin abin da ɗalibin NCE zai koya, kuma ilimin kwamfuta yana ciki. Jarrabawar samun lasisin koyarwa ta hukumar rajistar malamai, TRCN, a kan kwamfuta ake yin ta, JAMB ma tun 2015 ta koma kwamfuta gaba ɗaya. Saboda haka babu mai gardamar buƙata. Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake horon. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare ƙananan kwamfutoci sama da 800,000, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko a harshe ba. Na'ura ta isa aji, yadda malami ke gudanar da darasi bai sauya ba.

Fara da ƙidayar abin da ke hannu

Makon farko kada a kunna komai. A ba kowane ɗalibi takarda ya rubuta irin wayar da yake riƙe da ita, girman ma'ajiyarta da abin da ya rage a ciki, awa nawa cajinta ke yi, ko allonta a fashe yake, ko yana da laftof ko yana iya aro, da kuma nawa yake kashewa a data a wata. Ba don a kunyata kowa ba, don haka takardar malami kaɗai zai gani. Daga nan ne za a haɗa rukuni na mutum biyar biyar, a tabbata kowane rukuni yana da aƙalla babbar waya ɗaya mai sauran wuri na gigabait biyu, domin bidiyon da za a riƙa ɗauka.

Sai ƙidaya ta biyu, wadda aka fi mantawa da ita: makarantun da za a tura ɗaliban. A tura wakili ko a kira shugaban kowace makaranta a ji ko akwai soket a aji, ko wuta na zuwa da safe, ko akwai sola, ko tagogi na da murfi, yara nawa ne a aji, da kuma dokar makarantar game da riƙe waya. Idan makarantu bakwai cikin goma ba su da soket a aji, to mafi yawan horon ya koma kan abin da za a iya yi da wayar malami ɗaya da ƙaramar lasifika mai caji. Horar da ɗalibi a ɗakin kwamfuta mai sanyi da intanet mai gudu, alhali ƙauye za a tura shi, ɓata lokacinsa ne.

Darasi ne a gaba, na'ura tana biye

Dokar da ya kamata ta zauna a kan kowane ɗalibi ita ce: kada ya zaɓi na'ura sai ya rubuta abin da ke ba yara wuya a darasin. A tsarin darasinsa a ƙara layi uku. Na farko, wane abu ne yara suka saba kasa ganewa a wannan batu. Na biyu, me na'urar za ta nuna wanda alli ba zai iya nunawa ba. Na uku, me zai yi idan ta ƙi aiki. Duk wanda ya kasa cike layi na biyu da magana mai ma'ana, ya koyar da alli, kuma kada a rage masa maki don haka. Masana biyu na jami'ar jihar Michigan a Amurka, Mishra da Koehler, sun kafa wannan magana a 2006 a tsarin da ake kira TPACK: sanin darasi, sanin dabarar koyarwa da sanin na'ura, sai sun haɗu wuri ɗaya malami ke amfana.

Misalai sun fi bayani. Ɗalibin lissafi zai koyar da cewa jimlar kusurwoyin alwatika digiri 180 ne. A allo zai iya zana alwatika biyu ko uku, yara su karɓa don malam ya faɗa. A manhajar GeoGebra, wadda kyauta ce kuma tana aiki ba intanet, zai ja kusurwa ɗaya da yatsa, siffar ta yi ta sauyawa, lambobin kusurwoyi uku suna hawa da sauka, jimla tana nan a 180. Wannan abu ne da alli ba ya yi. Ɗalibin kimiyya da makarantarsa ba ta da ɗakin gwaji zai sauke wasannin gwaji na PhET, na jami'ar Colorado, inda ake haɗa batir da waya da ƙwan fitila a ga abin da ke faruwa idan an jera ƙwayaye biyu a layi ɗaya ko an raba musu hanya. Kowane wasa fayil ɗaya ne, ana sauke shi sau ɗaya a buɗe a burauza ba tare da data ba. Amma a gaya masa gaskiya: idan akwai batir na tocila da waya da ƙwai a kasuwar garin, na gaske ya fi, wasan ya zo daga baya.

Ɗalibin Hausa ko Turanci ko Larabci kuwa, makaminsa mafi ƙarfi shi ne na'urar naɗar murya da ke cikin wayarsa. Yaro ya karanta sakin layi ɗaya na minti guda, a naɗa, a sake kunna masa ya ji inda ya yi tuntuɓe. Bayan mako huɗu a sake naɗar sakin layin, a kunna masa biyun a jere. Mai koyar da labarin ƙasa ya ɗauki hoton zaizayar ƙasa a bakin rafin garin, mai koyar da aikin gona ya ɗauki hoton shuka ɗaya kowace safiya na kwana goma. Hoton abin da yara suka sani da idonsu ya fi wanda aka sauko daga wata ƙasa kama hankalinsu.

Abin da za a hana tun da wuri shi ne kwafe littafi zuwa allon majigi a riƙa karantawa. Wannan shifta ce da aka ƙara wa tsada.

Lissafin wuta

Kowane ɗalibi, ko na sashen Hausa ne, ya iya wannan lissafi, domin shi ne ke raba darasin da zai kai ƙarshe da wanda zai mutu a tsakiya. A bayan kowace na'ura ko a jikin cajarta an rubuta wat nawa take ci. Laftof yakan ci tsakanin wat 45 da 65. Majigi mai ƙwai irin na ofis yana cin wajen 250 zuwa 300. Ƙaramin majigi na LED yakan tsaya ƙasa da 100. Ana ninka wat da awannin aiki a sami abin da batir zai bayar.

Ga misali: majigin LED wat 90, laftof wat 50, lasifika wat 10, jimla 150. Awa huɗu na darasi ya zama 600. Inbata tana cinye nata kaso wajen juya wutar, don haka a ɗauka 700. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200 a rubuce, wato 12 sau 100, amma idan irin na dalma ne, rabi kawai ya kamata a sha, wato 600, in ba haka ba zai mutu kafin lokacinsa. Ke nan batir ɗaya bai isa ba ko da ƙaramin majigi, balle mai ƙwai wanda zai buƙaci fiye da ninki biyu. Farantin sola na wat 300, a ranar da ta buɗe sosai irin ta arewa, yana iya tara wajen 1,000 a yini bayan an cire asara, sai dai ƙurar hunturu tana rage shi ƙwarai idan ba a goge shi. A sa ɗalibai su yi wannan lissafi da kayan kwalejin na gaske, su juya na'ura su karanta lambar da kansu.

Ga wanda waya kaɗai zai yi aiki da ita: fawabank mai 20,000mAh yakan cika waya kamar sau uku, ba sau huɗu ko biyar da lissafin baki ke nunawa ba, saboda wani ɓangare yana tafiya a zafi. Ya rage hasken allo, ya kashe data yayin darasi. Kashe datar yana da wani amfanin: saƙon gida ba zai faɗo a kan allo gaban yara ba.

Majigi, da dalilan da ke sa ya ƙi

A ware zama biyu cur don haɗawa da kwancewa, kowane ɗalibi da hannunsa, ana duba agogo. Abin nema shi ne ya haɗa komai cikin minti biyar. A lura sosai kada maza su mamaye kayan mata su koma kallo. Idan ya kama, a ba ɗalibai mata nasu zaman su fara.

Matsalolin kusan kullum iri ɗaya ne. Majigi ya kunnu amma allon shuɗi ne: ba a zaɓi ƙofar da aka cusa wayar ba, a danna maɓallin zaɓen ƙofa a jikinsa har hoto ya fito. An zaɓa kuma bai fito ba: a danna maɓallin Windows tare da harafin P a laftof, a zaɓi nuna abu ɗaya a allo biyu. Hoto ya fito babu sauti: idan wayar VGA ce, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, ita ba ta ɗaukar sauti sam, sai an haɗa lasifika daban. Idan HDMI ce, sautin ya koma ƙaramar lasifikar majigi wadda ba a ji, a mayar da shi daga saitin sauti. Sababbin laftof da yawa ba su da ƙofar VGA, tsofaffin majigai kuma ba su da HDMI, don haka ɗan mahaɗin da ke juya ɗaya zuwa ɗaya ya zauna a jakar majigin, a ɗaure shi da zare. Hoton ya yi faɗi a sama ya tsuke a ƙasa: an ɗaga bakin majigin da yawa, a ɗora shi kan tebur mafi tsayi. Majigi ya mutu da kansa bayan minti goma sha biyar: zafi ne, ko dai an toshe ramukan iska da littafi ko ƙura ta cika matatar. Mai ƙwai kuma ba a zare shi daga soket sai fankarsa ta gama juyawa, domin zafin da ya rage yana rage wa ƙwan kwana, kuma ƙwan ne mafi tsada a jikinsa.

Sai batun gani. A ajin da rana ke shigowa, majigin da haskensa bai kai lumen 3,000 ba (lumen shi ne ma'aunin hasken majigi) sai an rufe tagogin gefen allo, kuma kada a rufe duka a watan Afrilu, yara za su galabaita. Ƙa'idar da masu harkar ke bi ita ce nisan wanda ke can baya kada ya wuce tsayin hoton sau shida. Ajin da tsawonsa mita tara yana buƙatar hoto mai tsayin mita ɗaya da rabi. Talabijin mai inci 43 tsayin allonsa rabin mita ne da 'yan kai, don haka bayan mita uku rubutu ya fara ɓacewa. Girman haruffa kada ya gaza 28, layi kada ya wuce shida a shafi, baƙin rubutu a farin fili. Hanyar koyar da wannan ita ce a sa ɗalibin ya bar shafinsa a allo ya je ya zauna a benci na ƙarshe ya karanta da ƙarfi.

Rubuta Hausa daidai a na'ura

Abin takaici ne malamin Hausa ya raba wa yara takarda da aka rubuta kasa a wurin ƙasa, ko bata a wurin ɓata. Gyaran minti goma ne. A waya, a shiga saitin madannan Gboard a ƙara harshen Hausa. Idan aka danne k ko d ko b na ɗan lokaci, mai lanƙwasa zai fito. A Microsoft Word, a rubuta lambar harafin sannan a danna Alt da X tare: 0199 yana ba da ƙ, 0257 yana ba da ɗ, 0253 yana ba da ɓ. Manyansu su ne 0198, 018A da 0181. Masu bin ƙa'idar rubutu ta Nijar, waɗanda ke rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y, lambarsu 01B4 ce. Idan lambar ta manne da wani harafi ko lamba a gabanta, wani abu daban zai iya fitowa, don haka a bar fili kafin a rubuta ta, a goge filin daga baya.

Matsalar da ke biyo baya ita ce a kai takardar shagon buga takardu, haruffan su koma ƙananan akwatuna, saboda kwamfutar shagon ba ta da salon rubutun da aka yi amfani da shi. Maganinta a mayar da takardar PDF kafin a fita da ita. Don 'yan firamare, salon rubutu mai suna Andika kyauta ne, an tsara shi don masu koyon karatu, kuma yana da haruffan Hausa duka.

Aji ba tare da intanet ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za a nuna a aji a sauke shi tun daren jiya, a kashe data, a buɗe shi a tabbata yana aiki. Bidiyo kada ya wuce minti huɗu a zama ɗaya, a tsayar a yi tambaya. Idan a waya za a kalla, matsakaicin inganci na 360 ya isa kuma bai cin wuri; idan majigi ne a sauko da 720. Wajen tura hoto ko bidiyo ta WhatsApp, a tura shi a matsayin takarda, domin hanyar da aka saba tana matse shi har rubutun ciki ya dushe. Filas da ke yawo daga shago zuwa shago shi ne babbar hanyar da cutar kwamfuta ke shiga, musamman wadda ke ɓoye fayiloli ta bar gajerun hanyoyi a madadinsu. Kowane rukuni ya sami filas ɗaya na aiki, kuma a ajiye kwafi na biyu a waya.

Kwalejin da ke son ta wuce nan za ta iya kafa ƙaramin ɗakin karatu da ba ya buƙatar data. Ana saka manhajar Kolibri a laftof ɗaya, a sauke darussan da ake so sau ɗaya a inda akwai intanet, sannan a haɗa laftof ɗin da ƙaramar rawuta, wato na'urar da ke ba da wayifai, wadda ko layi babu a cikinta. Wayoyi su shiga wayifai ɗin rawutar, su rubuta adireshin da Kolibri ya nuna a burauza, wanda yawanci yana ƙarewa da 8080. Manhajar Kiwix tana yin irin wannan aiki da Wikipedia, har da ta Hausa. Idan wayoyi sun kasa shiga, a duba abu uku: katangar tsaro ta Windows ta toshe hanya, ko wayar ta bar wayifai ta koma data don ta ga babu intanet, ko an rubuta adireshin da kuskure. Kada a dogara da wayifai ɗin da laftof ke bayarwa da kansa, na Windows na'ura takwas kawai yake ɗauka. Akwai kuma dandalin Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022. Ya dace kowane ɗalibi ya buɗe shi ya ga abin da ya shafi darasinsa.

Rabon na'ura a babban aji sai da tsari. Fiye da yara biyar a kan allo ɗaya, biyu ne ke aiki, saura kallo. Idan yara tamanin ne na'ura takwas, a raba ajin biyu: arba'in a kan na'ura, biyar biyar, arba'in suna aikin takarda a kan batun, bayan minti goma sha biyu a yi musaya. A cikin kowane biyar a faɗi wa zai taɓa, wa zai karanta umarni, wa zai rubuta amsa, kuma a juya. A bayar da umarni kafin a raba na'ura, domin da zarar ta shiga hannu babu mai sauraro.

Gwaji na minti bakwai

Nan ne zuciyar horon, kuma nan ya kamata rabin zangon karatu ya tafi. Dabarar ƙaramar koyarwa ta samo asali ne a jami'ar Stanford a 1963: ɗalibi ya koyar da ɗan gajeren darasi, a duba, ya gyara, ya sake koyarwa. Kwalejojinmu suna da ita a tsarinsu, amma sau da yawa ana tsallake kashi na ƙarshe saboda yawan ɗalibai, alhali sake koyarwar ita ce ke kawo gyara. Idan aka raba aji rukuni biyar biyar suna yi a lokaci ɗaya a kusurwoyi daban daban ko ƙarƙashin bishiya, awa ɗaya ta ishi kowa ya yi nasa.

Mai koyarwa yana da minti bakwai da manufa ɗaya. Uku su zama yara, ɗaya ya ɗauki bidiyo da waya a kwance, daga gefe, nisan taku huɗu, yadda za a ga malam da allo kuma a ji murya. Bayan an gama, mai koyarwar ne zai fara kallon kansa shi kaɗai, ya rubuta abu biyu da ya gani. Sai 'yan rukuni su amsa tambayoyi na ƙididdiga, ba na ra'ayi ba: minti nawa ya tafi kafin na'ura ta fara aiki, sau nawa ya juya wa aji baya yana kallon allo, tambaya nawa ya yi, yara nawa suka taɓa na'urar ko suka yi magana. Idan aka tambayi abokai ko darasi ya yi kyau, kunya za ta sa kowa ya ce ya yi. Bayan mako ɗaya ya sake koyar da darasin nan dai, a kwatanta bidiyon biyu. Bidiyon mallakar ɗalibin ne, ba a tura shi zauren aji, musamman na ɗalibai mata.

A zagaye na uku a shigo da tangarɗa da gangan. Ana tsakiyar darasi malami ya zare soket, ko ya ce fayil ya ƙi buɗewa, ko lasifika ta mutu. Ƙa'ida ita ce minti biyu: idan gyara bai yiwu cikin minti biyu ba, a ajiye na'ura a koma layi na uku na tsarin darasi. Mai darasin zaizayar ƙasa ya fito da hotuna huɗu da ya buga, mai GeoGebra ya fito da alwatikan kwali ya yage kusurwoyin ya jera su a miƙaƙƙen layi. Kafin ya taɓa gyara kuma, ya ba yara aikin yi, ko da tambaya ɗaya ce a allo, don aji ba ya jira a banza. Wanda ya sha wannan sau uku a gaban abokansa ba zai rikice a gaban yara ba.

Yara su rubuta don a karanta

Amfani mafi girma na na'ura shi ne yaran su samar da wani abu da ita. Aikin da ya dace da kowane ɗalibi a lokacin TP shi ne jaridar aji mai shafi biyu. Yara su zaɓi batu daga darasi ko daga unguwa, kamar yadda ake rini, ko farashin hatsi a kasuwa mako huɗu a jere. Su rubuta da biro, abokan zama su gyara, malam ya duba, sannan a buga a waya ko laftof, yara biyu a kowane zama. A fitar da kwafi biyu, ɗaya a bangon aji ɗaya a ofishin shugaban makaranta, a tura wa iyaye PDF ta hanyar makaranta. Yaron da ya san babansa zai karanta yakan sake duba rubutunsa ba tare da an ce masa ba. Kuskuren da sabon malami ke yi shi ne ya gyara rubutun har ya zama nasa; a gyara ƙa'idar rubutu, a bar wa yaro maganarsa.

A nan dole a yi maganar amana. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta nemi izinin iyaye ko mai riƙo kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma ko babu doka al'adarmu ta isa. Ba a ɗaukar hoton fuskar yaro sai da sanin shugaban makaranta da yardar iyaye. Idan ana son shaidar aiki, a ɗauki hannu da littafi, ko ajin daga baya. Ba a sa cikakken suna, ba a ɗora hoton yara a shafin malam na Facebook ko TikTok, ba a nuna makin wani a majigi, kuma malami ba ya tura wa ɗalibinsa ko ɗalibarsa saƙo a keɓe. Kowane ɗalibi ya sa hannu a kan wannan kafin ya fita TP.

Tun fitowar ChatGPT, manhajar da ke rubuta wa mutum abin da ya nema, a ƙarshen 2022, ɗalibai suna sa irin waɗannan manhajoji su rubuta musu tsarin darasi. Hanawa ba ta aiki. A sa su kawo abin da manhajar ta rubuta su yi masa jan biro a aji: ina ya saɓa wa tsarin karatu na NERDC, hukumar da ke tsara abin da ake koyarwa a makarantu, ina ya ambaci kayan da makarantar ba ta da su, ina Hausarsa ta karkace, wace lamba ko shekara ce ba a tabbatar ba. Makin yana kan gyaran.

Yadda za a ba da maki

Jarrabawar takarda ba ta auna wannan aiki. Cikin maki 100, a ba tsarin darasi mai layukan nan uku 20, haɗa kaya da lissafin wuta 15, koyarwa ta farko 15, koyarwa ta biyu da gyaran da aka gani a cikinta 25, yadda ya fita daga tangarɗa 15, sai 10 ga takardar maki da ya tsara da kansa a Excel ko LibreOffice, wadda ke haɗa jimla, ta fitar da matsakaici, ta ƙirga yara nawa suka gaza 40. Kada a ba da maki don ƙyalƙyalin shafuka ko tsadar waya. Mai ƙaramar waya da lasifika ɗaya yana iya cinye makin duka.

A takardar da mai dubawa ke zuwa da ita makarantar gwaji a ƙara tambaya biyu: shin na'urar ta nuna abin da alli ba zai nuna ba, kuma yara nawa suka yi aiki da ita. Masu dubawar su ma a zaunar da su rana ɗaya su haɗa majigi su koyar da minti bakwai ɗin, kamar yadda aka sa ɗalibai. Mako biyu kafin fita, kowane ɗalibi ya ziyarci ajin da aka ba shi, ya gwada soket da cajar waya, ya auna tsawon ajin da taku, ya ga ta ina rana ke shigowa a lokacin darasinsa, ya gaisa da malamin ajin ya nemi shawararsa, sannan ya dawo ya gyara tsarin darussansa uku na farko bisa abin da ya tarar.